Haɗi na Ɗari Biyu da Goma Sha Biyu

Shekara bakwai na yi ina haɗa abu ɗaya, kuma a cikin shekarun nan bakwai sau ɗaya tak ya yi aikin da aka haɗa shi dominsa.

Sunana Okabe Shinji. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da uku, ina aiki a ɗakin binciken Farfesa Hirasawa, a hawa na huɗu na tsohon ginin wata jami'a can arewa da Tokyo. Kwantiragina na shekara biyar-biyar ne, an taɓa sabunta shi sau ɗaya, na biyun kuma zai ƙare ranar ƙarshe ta watan Maris.

Aikin namu ba shi da wuyar bayani. In likita zai yi wa mutum sikanin hanta, akwai ruwan da ake yi masa allurarsa, cike da ƙananan kumfa, don jini ya fito da haske a allo. To amma kumfar ta yi girma, ba ta fita daga cikin jijiya, kuma cikin 'yan mintoci ta mutu. Mu abin da muke nema shi ne mu matse kumfar nan cikin tsananin sanyi har ta koma ɗigon ruwa, ƙanƙani ƙwarai, wanda zai sulale ta ɓarakar jijiyoyin ƙari, wato kumburin ciwon daji, ya je ya kwanta shiru. Sai likita ya ɗora na'ura ya buga masa sauti, ɗigon ya farka ya koma kumfa, wurin ciwon ya haskaka.

A baki ke nan. A aikace kuwa gas iri biyu muke da shi, kowanne da halinsa. In ka yi ɗigon da mai nauyi, sai ya yi barcin da ba ya tashi sai ka buga masa sautin da doka ba ta yarda a buga wa mutum ba. In ka yi da marar nauyi, ɗumin jiki kaɗai ya ishe shi, tun bai isa inda aka aike shi ba ya fashe. Mu mun tsaya a kan mai nauyi, muna ta sauya maiƙon da ake lulluɓe ɗigon da shi, muna sauya girmansa, ko za a dace.

Aka dace a haɗi na 212.

Ba ni na haɗa shi ba. Nagamine-san ce, ma'aikaciyar ɗakin gwajinmu, wadda ta shekara goma sha tara tana wanke kwalabe tana auna gari tun kafin in zo. Ni na rubuta yadda za a yi, ita ta yi, a wata Talata cikin Oktoba. Bayan mako guda muka gwada a ɓeraye. Likita Mizuno, wadda ke zuwa daga asibiti ta riƙe mana na'urar, mace ce da ban taɓa jin ta yabi komai ba, ko abinci. Ranar ta buga sauti ɗan kaɗan, ƙarin da ke cikin hantar ɓeran ya kama kamar an kunna fitila a ɗaki. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Okabe, me ka zuba a ciki?"

Muka maimaita a ɓera ashirin da huɗu, duka suka yi. Muka rubuta maƙala, sunana a farko, babbar mujalla ta buga. Wani kamfanin magunguna ya fara turo mutane da baƙaƙen kwat suna shan shayi a ofishin Farfesa Hirasawa, wanda muke kira Sensei, wato malam. Sai haɗin ya ƙare.

Na haɗa na 213 da hannuna, don a lokacin Nagamine-san ta riga ta ajiye aiki. Mijinta ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, sun koma gidan iyayensa a bakin teku. Na bi littafin aiki layi-layi. Ɗigon ya ƙi tashi. Na 214 ma haka. Na sauya kamfanin da muke sayen maiƙo, na sauya kwalabe, na sauya ruwa, na auna sanyin ƙanƙarar da ma'auni uku. Na taɓa jiran Oktoba ta zagayo, wai ko yanayin garin ne. Da na kai haɗi na 340, 'yata da ke aji huɗu a firamare lokacin maƙalar ta riga ta shiga sakandare, ni kuma na daina ba matata labarin aiki, ita ma ta daina tambaya.

Farkon Fabrairu Sensei ya kira ni ofishinsa. Na same shi yana ɓare lemo a kan wata takarda. Ya turo mini takardar da ɓawon a kai. Wasu masu bincike ne a ƙasar waje suka rubuta wa mujallar cewa sun shekara biyu suna bin hanyarmu, ba su ga komai ba.

"Jami'a za ta kafa kwamiti," in ji shi. "Ka san irin tambayar da za su yi."

"Na sani, Sensei."

"Ni ban ce ka ƙirƙiri hotuna ba."

"Na gode."

"Ban ce ba ka ƙirƙira ba kuma. Ni ba na ɗakin ranar." Ya sa ɓarin lemo a baki, ya tauna a hankali. Tsoho ne da saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma na ga shi ma abin ya cinye shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. "Okabe-kun, ka kawo mini wani abu kafin ƙarshen Maris. Ko menene."

Na fito na tarar da Mizuno a bakin injin sayar da kofi na ƙasan bene, ta zo karɓar wasu takardu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ta ce, "Ni na riƙe na'urar, na ga abin da na gani, zan faɗa wa kwamitin. Amma ba zai ishe ka ba. Ka je wajen Nagamine-san mana."

"Na kira ta sau biyu. Ta ce yadda aka rubuta haka ta yi."

"A waya."

"A waya."

"Kai dai kana da digiri uku amma ba ka san mutane ba. Wa ka taɓa ji ya faɗi abin kunyarsa a waya? Marasa lafiyata sai na rufe ƙofa na zauna kafin su yarda suna shan giya. Sayi tsaraba ka hau jirgi."

Ranar Asabar na sayi kwalin waina mai zaƙin wake a tasha, na sa kwafin littafin aiki a jaka. Awa biyu a jirgin ƙasa, sannan bas mai bin gaɓar teku, yana tsayawa a kowane ƙauye ko da mai hawa ko babu. Dusar ƙanƙara ta ƙare tun a tsaunuka, nan sai iska. Lokacin girbin ganyen teku ne, duk bakin ruwa mutane ne da dogayen takalman roba suna tafasa shi a manyan tukwane, tururi na tashi.

Nagamine-san ta buɗe ƙofa da tsumma a hannu. Ta rame, gashinta ya yi fari fat. Ta sunkuya, na sunkuya, ta karɓi tsarabar tana cewa ai da ban wahalar da kaina ba. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba.

Mijinta, Isamu-san, yana ɗakin zama a keken guragu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargon teburin ɗumi. Da direban bas ne a birni. Ɓarin fuskarsa na dama ya saki, maganarsa tana fita da nauyi, sai ka kasa kunne, amma idonsa garau.

"A'a, Dakta Kumfa!" in ji shi. "Har yanzu ba ka warkar da duniya ba?"

"Saura kaɗan, Isamu-san."

"Ka fara da ni. Ga ni kyauta, na fi ɓera girma."

"Kai dai rufe baki ka bar baƙo ya zauna," in ji matarsa, tana goge masa haɓa da tsumman ba tare da ta duba ba, kamar mai goge tebur.

Ta kawo shinkafa da miyar ganyen teku da gasasshen kifi. Tana ci tana ba shi a baki, loma ɗaya tata, biyu nasa. Da muka gama na fito da takardun, na gaya mata zancen wasiƙar da na kwamitin. Ta sa tabarau ta bi rubutunta da yatsa, tun daga awon maiƙo har zuwa matsa sirinji. A kowane layi sai ta gyaɗa kai.

"Haka ne. Haka na yi."

"Ba abin da ya bambanta ranar? Ko ƙarami ne? Ko kwalbar da kika ɗauka, ko tsawon lokacin da ta yi a ƙanƙara?"

"Okabe-sensei, shekara uku fa. Yadda aka rubuta haka ake yi."

Na mayar da takardun jaka. Ban ji haushi ba, don dama ban zo da wani dogon fata ba. Akwai bas ƙarfe uku da minti goma. Na yi godiyar abinci, na miƙe zan ɗauki kwat ɗina.

"Tokiko," in ji Isamu-san, yana kiran matarsa.

Ba ta juya ba, tana tattara kwanuka.

"Tokiko. Faɗa masa."

"Ka gaji, bari in kai ka ka kwanta."

"Ni na gaji? Ke kika gaji. Duk ranar da mutumin nan ya yi waya, kwana uku ba ki cin abinci. Jikina ne ya mutu, kunnena da ransa." Ya juyo da ido wajena. "Korar ka za su yi?"

"Da alama."

"Kin ji."

Ta ajiye kwanukan a ƙasa. Ta zauna a kan gwiwoyinta, ta ɗora hannu biyu a cinya, ta fara magana tana kallon tabarma.

Tiyo ɗaya muke da shi da ke kai gas cikin kwalabe. Ƙa'ida ita ce in an yi amfani da wani gas, sai a bar sabon ya wanke tiyon minti biyar kafin a cika komai. Safiyar Talatar da ta haɗa na 212, ta yi wa wani gwaji aiki da marar nauyi. Ta sauya tukunya zuwa mai nauyi ke nan, hannunta a kan makunni, aka kira ta daga tashar bas cewa Isamu ya faɗi a ɗakin hutun direbobi, an tafi da shi asibiti. Maiƙon ya riga ya narke, in ta bar shi ya lalace, aikin kwana biyu. Sai ta cika kwalabe shida nan take, ba ta wanke tiyon ba, ragowar marar nauyin ta gaurayu da mai nauyin. Ta girgiza, ta sanyaya, ta matsa, ta haɗe su wuri ɗaya, ta sa a firji. Ta rubuta a littafi abin da hannunta ya saba rubutawa, ta ruga.

"Da na ji ya yi aiki, ina asibiti, sai na ce ashe kuskuren bai ɓata komai ba. Sensei ya aiko da furanni. Kuka sa sunana a wajen godiya." Ta cire tabarau. "Da ka kira na farko ka ce ya ƙi, sai na gane. Na ɗauki waya in kira ka ya fi sau goma. Shekara goma sha tara ban taɓa tsallake mataki ba, ko ɗaya. Kullum ni ke yi wa ɗalibai faɗa a kan tiyon nan."

Ta kai goshinta ƙasa, ta tsaya a haka.

Na sha tunanin cewa ranar da na gano dalilin zan yi tsalle, ko in yi kuka. Ban yi ko ɗaya ba. Na koma na zauna da kwat ɗin a hannu. Abin da ke yawo a kaina shi ne Asabar da Lahadi nawa na yi a ɗakin nan mai sanyi, da ranar wasannin makarantar 'yata da ban je ba saboda haɗi na 288.

"Sau biyu na kira ki," na ce. Muryata ta fi yadda na so kaushi.

"Sau biyu," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Da kin ce mini tiyo kawai. Kalma ɗaya."

Na ji bas ɗin ƙarfe uku da minti goma ya wuce ta ƙasan gidan. Can Isamu-san ya yi gyaran murya ya ce, "Ku yi haƙuri, manyan masana, amma ni ban-ɗaki nake so."

Ta tashi da sauri. Na ga yadda take sa kafaɗarta a hammatarsa, mace mai shekara sittin da huɗu da ba ta kai nauyin buhun shinkafa ɗaya ba, sai na ajiye kwat ɗin na kama ɗaya ɓarin. Yana da nauyi ƙwarai. Muka kai shi, na jira a waje, muka dawo da shi gado. Sau shida take yin haka kullum, in ji ta, sai ranar Laraba da Juma'a da ma'aikaciyar jinya ke zuwa.

Bas na gaba sai biyar saura kwata. Ta sake dafa shayi, ni kuma na fito da biro. A nan na ga Nagamine-san ɗin da na sani. Tsawon tiyon mita ɗaya da rabi ne, ba wanda muke da shi yanzu ba, tsohon mai kauri da aka jefar. Kowace kwalba daƙiƙa ashirin ta ba ta, tana ƙirgawa a zuci. Ta farko da ta biyu za su fi ɗaukar marar nauyin, na ƙarshe kusan babu. Ta zana mini yadda ta jera su. Ta tuna har inda allurar ma'aunin tukunyar ta tsaya.

"In da a ce ni ce," in ji ta, "zan fara da kashi ɗaya cikin goma na marar nauyin, in riƙa hawa."

Ta raka ni bakin ƙofa, ta cusa mini ƙullin ganyen teku mai gishiri a jaka. Ta ce, "Ka rubuta sunana a rahoton. Ni na yi." Na ce mata zan duba. Ban ce na yafe ba, ita ma ba ta nema ba.

Ranar Litinin na shiga wajen Sensei na zayyana masa komai. Ya rufe ido ya jingina da kujera, ya daɗe, har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Tiyo," in ji shi.

"Tiyo, Sensei."

"Shekara talatin da biyar ina wannan sana'a. Abu mafi kyau da ya taɓa fita daga ɗakina, ashe mantuwa ce." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Sannan ya gyara zama. "To, shi ke nan, an samu mafita. Kuskuren ma'aikaciya, ta ɓoye, ta amsa da bakinta. Ta riga ta bar aiki, ba abin da za a yi mata. Ka rubuta haka."

Na yi tunanin wannan a jirgi, tun daga teku har birni. Ba tausayi ne ya hana ni ba, don a lokacin ban gama jin zafinta ba. Wani abu ne daban. A hawa na biyu na gininmu akwai na'urar da ke faɗin irin gas ɗin da ke cikin kwalba, aikin rabin yini. Lokacin da haɗi na 212 ke hannuna, ban kai ko ɗigo ɗaya can ba. Na rubuta a maƙala cewa gas mai nauyi ne zalla saboda haka littafi ya ce, kuma saboda ina sauri kada wasu su riga mu bugawa. Na ƙarar da shi kaf a ɓeraye, ban rage komai ba.

"Zan rubuta cewa ba a wanke tiyo ba," na ce. "Kuma ni da na sa hannu a maƙalar ban auna abin da ke ciki ba."

"Za su tambayi wanda bai wanke ba."

"In sun tambaya, littafin aiki na nan, da rubutun hannu. Ba zan ɓoye ba. Amma ba shi zan sa a gaba ba."

"Ka san abin da kake yi wa kanka?"

"Sensei, da na kawo sunanta, za ka sabunta mini kwantiragi?"

Ya kalli taga. "Ba ni kaɗai ke yankewa ba."

"To ka gani."

Saura mako shida. Na samo tiyo irin tsohon a wani ɗakin ajiya, na kuma haɗa makunni biyu don in riƙa gauraya gas ɗin da awo. Na fara da kashi ɗaya cikin goma, ɗigon ya yi motsi kaɗan ya koma barci. Na hau. A kashi uku cikin goma, rabinsu suka fashe tun a cikin sirinji, ruwan ya koma fari kamar madara a hannuna. Na sauko. Kowane haɗi kwana biyu ne, gwajinsa kwana ɗaya, Mizuno kuma ba ta samun fitowa daga asibiti sai Talata da Alhamis da rana, tana zuwa da burodinta a aljihun farar riga tana ci a tsaye.

Mako na biyar, a kashi ɗaya cikin biyar, ta buga sauti ɗan kaɗan, ƙarin ya haskaka. Ba kamar na 212 ba. Gefe ɗaya ya kama, tsakiyar ta yi dishi-dishi, bayan minti biyu ya dushe.

"Yaya?" na ce.

"Ya fi na Talatar da ta wuce." Ta matsar da na'urar, ta sake bugawa. "Bai kai na wancan ba."

"Ko rabinsa?"

"Kashi shida cikin goma, in na yi maka kara. Kada ka yi mini wannan fuskar, Okabe. Shekara uku kana kawo mini baƙin allo, yau na ga abu. Je ka auna abin da ke cikin kwalbar kafin ka ƙarar da shi, ka ji ko?"

Na sauka hawa na biyu da kwalbar a cikin ƙanƙara.

Kwamitin ya zauna da ni sau biyu, mutum biyar a bayan dogon tebur, da ruwan gora a gaban kowa. Suka ga hotunan asali, suka ji Mizuno, suka ga sabon sakamakon. Sun tambayi wanda ya cika kwalaben, na faɗa, suka rubuta mata wasiƙa, ta amsa da shafi huɗu na rubutun hannu. A ƙarshe suka ce ba a ƙirƙiri komai ba, amma an yi sakaci wajen tabbatarwa, kuma nauyin yana kan marubuci na farko. Mujallar ta buga gyara, rabin shafi. Mutanen kamfanin suka aiko da wasiƙa mai ladabi cewa za su ci gaba da bibiyar aikinmu da sha'awa, ba su sake zuwa ba. Kwantiragina bai sabuntu ba. Sensei ya yi waya wurare uku, ya samo mini aiki a wani kamfani kusa da Tokyo da ke zagayawa asibitoci yana duba lafiyar na'urorin sikanin. Matata ta ce aƙalla ana tashi ƙarfe shida. Har yau can nake.

Aikin ɗigon bai mutu ba. Mizuno ta karɓe shi tare da wata sabuwar malama da aka ɗauka, suna ta hawa da sauka tsakanin kashi goma sha takwas da ashirin da biyu cikin ɗari. Ban san ko zai taɓa kai wa jikin mutum ba. Irin waɗannan abubuwa, cikin ɗari da wuya ɗaya ya kai.

Ranar talatin da ɗaya ga Maris abin da ya rage mini shi ne in kwashe firji. Duk haɗin da ya ƙi aiki na ajiye ragowarsa, daga na 213 har na 340, jere a akwatunan kwali, kowanne da kwanan wata da rubutuna. Ba a zubar da su haka nan, sai an narkar, an buɗe kowace kwalba a ƙarƙashin bututun jan iska, an juye a jarkar shara, an cike fom. Na fara ƙarfe ɗaya. Wajen uku Mizuno ta leƙo, ba ranar zuwanta ba ce, ta ce wucewa take yi. Ta tsaya tana kallona, sannan ta cire agogo ta sa safar hannu.

"Miƙo mini akwati ɗaya. In na bar ka kai kaɗai sai ka tsaya karanta wa kowace kwalba tarihinta."

Muka yi ta buɗewa muna juyewa. Yatsuna suka ƙage da sanyi. A wajen na 300 ta ce bayanta ya riƙe, ta ja kujera ta ci gaba a zaune. Biyar da rabi muka gama. Na wanke akwatin ƙanƙara na kife shi, na kai makulli ofishin sashe, sakatariya ta ba ni takarda na buga hatimina.

"Akwai mai taliya a bayan tasha," in ji Mizuno da muka fito. "Ba daɗi gare ta ba, amma da zafi."

Na ce mata mu je, in dai akwai wurin zama.